Inci Ɗaya da Rabi

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Wannan littafin awona ne. Shekara talatin da ɗoriya ina aikin kafinta, ban taɓa rubuta komai a irinsa ba sai tsawo da faɗi da zurfi. Yau na juya shi ta baya na fara wannan, don in ban sauke maganar a wani wuri ba ƙirjina zai fashe, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Jikata tana asibiti tun jiya da hantsi. Shekararta uku da wata biyu, 'yar autata ce ta haife ta. Tsuntsuwa muke ce mata saboda bakinta ba ya hutawa, ko barci take yi sai ka ji tana 'yan surutai. Yau na fi awa guda tsaye a kanta, ban ji komai ba sai ƙarar na'urar da ke gefen gadon.

Durowar kicin ɗinsu ce, ta uku daga ƙasa, wadda Auta ke ajiye manyan tukwane a ciki. Yarinyar ta kama mariƙin ta rataya, durowar ta taho gaba ɗayanta. Iya abin da hannuna zai iya rubutawa ke nan. Ni na yi musu kabad ɗin, wata takwas da suka wuce.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Mijin Auta ya iso da safe. Direban babbar mota ne, yana kan hanya aka buga masa waya, ya bar motar a hannun abokin aikinsa ya juyo. Ya durƙusa ya gaishe ni a barandar asibiti kamar yadda ya saba, idonsa jawur. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na so a ce yau ya ɗaga.

Mahaifiyarsa ce ta ɗaga a madadinsa. Tana zaune kan benci, tana magana da matata amma da Auta take. Wai wace irin uwa ce za ta loda ƙarfe a durowa kamar mai shirin ƙaura, sannan ta bar yarinya ita kaɗai ta tafi shanya. Wai 'yan matan yanzu waya ce a hannu, ɗa a ƙasa. Auta tana jingine da bango, ko kai ba ta ɗago ba.

Har da ni aka sa a shaida. Matar ta juyo ta ce: "Malam, kai ne mai sana'ar, ka faɗi gaskiya. Akwai durowar da za ta ɗauki wannan kaya?"

Na ce komai yana da iyaka. Haka na ce, da bakina, kuma kowa ya gyaɗa kai.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Ban buɗe shago ba tukuna, ina zaune a ciki na turo ƙofa. Bari in rubuta shi yadda zan koya wa wani, ko zai fi sauƙi.

Durowa tana gudu ne a kan ƙarafa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ana sayar da su tsawo-tsawo, inci goma sha biyu, sha huɗu, sha shida, sha takwas, ashirin. Babu na tsakani. Ba daga waje ake auna kabad ba, daga ciki ne, tun daga baki har inda tef ɗin awo zai taɓa abu na farko a baya, ko katako ne ko bututu ko waya. Abin da ka samu sai ka rage inci guda, ka sayi ƙarfen da ya yi daidai da haka ko wanda ke ƙasa da shi. Ba a sayen na sama. Wannan ko a mafarki aka tashe ni zan faɗe shi.

Kabad ɗin Auta a shago na haɗa shi, zurfin cikinsa inci goma sha tara, na sayi ƙarafa na sha takwas, komai cif. Ranar da na kai shi gidan na jingina da bango, sai ga gwiwar bututun ruwa ta turo daidai bayan durowa ta uku. Ban gan ta ba ranar da na zo awo, don kwali ne jibge a wurin, ni kuma ban ce a ɗauke ba. Ta cinye inci biyu. Saura sha bakwai, ke nan na sha shida ya kamata in sa.

Shagon mai ƙarafa yana can ɗaya gefen gari, rana ta yi sanyi, washegari za su tare. Na rage bayan durowar, wannan ba laifi ba ne. Sannan na ɗauki zarton ƙarfe na yanke inci ɗaya da rabi daga bayan kowane ƙarfe. A wannan ƙarshen ne ake da ɗan lanƙwasa kamar kunne, shi ke kamawa idan durowa ta fito iyakarta. Ina kallonsa ya faɗi ƙasa, na sa ƙafa na ture shi cikin dusar katako. Na ce a raina mako mai zuwa zan dawo da na sha shida in canja. Babu kowa a kicin ɗin lokacin, Auta ta fita kawo mini ruwa.

Wata takwas. Na ci abinci a gidan ya fi sau ashirin, ina zaune ina kallon kabad ɗin ana yaba mini shi.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ba ta farka ba. Likita ya ce a jira.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Na buɗe shago don zama a gida ya fi ƙarfina. Matata tana bi na da ido, tana cewa in ci wani abu, wai na rame kamar ni ne a gadon. Ita a ganinta son jika ne kawai. Har tsokanata ta yi don ta sa ni dariya, wai da ita ce a kwance da ko shayi ban fasa sha ba.

Na je wurin mai ƙarafa sayen hinjin ƙofa. Na tarar da wani mutum a gabana, sanye da rigar ofis, yana gyara teburinsa da kansa. Ya zo da tsohon ƙarfe na inci goma sha huɗu, mai shago ya ce sun ƙare, sai na sha shida. Mutumin yana jujjuya shi, sai mai shago ya ce masa ai ba wata matsala, ya kai wa kowane kafinta ya datse masa bayan.

Ban san lokacin da na fizge ƙarfen daga hannun bawan Allahn nan ba. Na ce masa kada ya kuskura, in babu daidai ya ɗauki na sha biyu, durowa ta ƙi fitowa duka ya fi ta fito duka. Na juya kan mai shago na wanke shi tas, mutumin da muka fi shekara ashirin tare ko musu ba mu taɓa yi ba. Na ce masa shi sayarwa kawai ya sani, bai taɓa ganin abin da ƙarfe ke yi wa mutum ba. Daga baya ya riƙo hannuna ya ce ya ji labarin jikata, Allah ya ba ta lafiya, ya san ba a cikin hankalina nake ba.

Na dawo babu hinjin. A cikin ledata kuma na tarar na sayi ƙarfe biyu na inci goma sha shida, ban ma tuna lokacin da na ce a ba ni ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Mako guda ke nan.

Matata ta dawo daga asibiti jiya da yamma fuskarta a murtuke. Ta ce Direba ya daina yi wa Auta magana. In ya shigo ɗakin sai ya zauna ta ɗaya gefen gadon, in akwai abin da zai tambaya sai ya tambayi nas. Mahaifiyarsa kuma ta faɗa a gaban mutane cewa in Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, a hannunta za ta zauna, uwar ta je gida ta koyi riƙon ɗa tukuna.

Matata ta ce in yi magana, ni ne uba. Ta ce: "Malam, 'yarka ce fa ake yankawa a gabanka, kai kuma ka yi gum."

Na ce mata a bari hankali ya kwanta. Tsoro nake ji. Na rubuta shi ƙarara don in gani da idona. Ina tsoron yarinyar ta tafi, ina tsoron ta tashi ba yadda take ba, kuma abin kunyar shi ne akwai wani tsoro na uku da ya fi waɗannan hana ni sukuni, na ranar da za a dube ni a san ni ne.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na karɓi makullin gidansu a wurin Auta, na ce zan je in gyara kicin kafin a sallame su. Ta ciro shi daga jaka ta miƙo mini, ta ɗan dube ni, ba ta tambayi komai ba. Niyyata, tunda littafin nan ba ya kai ƙara, ita ce in cire ƙarafan nan biyu in jefa su inda ba mai gani, in sa sababbi.

Kicin ɗin yana nan yadda aka bar shi, sai dai an wanke ƙasa. Durowar tana jingine da bango, kusurwarta ɗaya ta tsage. Ƙaramin takalmin Tsuntsuwa guda yana ƙarƙashin tebur. Na durƙusa na leƙa cikin kabad ɗin da sukundireba a hannu.

Babu su. Na juya durowar, nan ma babu. An kwance su duka huɗu, na jikin kabad da na jikin durowa, ba fizga aka yi ba, don ramukan sukuru lafiyarsu ƙalau. Sukurun ma an tara su a cikin wani kofi a kan kantar kicin, guda goma sha biyu, na ƙirga.

Na duba kwandon shara, na duba bayan firji, na duba har cikin tanda kamar mahaukaci. Na zauna a ƙasa na rasa abin yi. Direba ne kawai ke kwana a gidan. Mutum ne da ke kwance injin mota ya mayar, sukuru goma sha biyu ba komai ba ne a wurinsa.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ya sani. In bai sani ba me zai yi da su?

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na haɗu da shi a ƙofar asibiti. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya karɓi ledar da ke hannuna ya riƙe mini har ciki. Ina ta satar kallon fuskarsa ban ga komai ba. Wataƙila jira yake yarinyar ta farka. Wataƙila ya kai wa wani kafinta ya duba masa, yana jiran amsa. Duk wanda ya taɓa riƙe zarto, kallo ɗaya zai yi wa bakin ƙarfen nan ya gane ba daga kamfani ya zo haka ba.

Maƙwabcin shagona, Dogo, shi ma kafinta ne. Yau da rana wani ya tsaya wurinsa da abu dogo naɗe a takarda, na ajiye aikina na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, har aka warware na ga ƙafar kujera ce. Dogo ya hango ni ya ce lafiya nake leƙensa kamar mai bin kaza. Na yi dariyar dole. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Ta buɗe ido! Da hantsi, Auta na goge mata fuska. Matata ta bugo mini waya tana kuka tana dariya, na bar manne a buɗe na fita ko ƙofa ban rufe ba.

Ta dube ni. Na ce mata ga tsohon mijinki ya zo, ko kin yi sabo ne a asibiti shi ya sa kika share ni. Da can in na faɗi haka sai ta murguɗa baki ta ce ba ta son mai furfura. Yau kallona kawai ta yi. Hannunta na hagu yana kwance a kan zanin gado, likita ya ɗaga shi ya saki, ya rubuta wani abu. Ya ce a ba ta lokaci, yara suna ba da mamaki.

Kowa yana hamdala, ni ma ina yi, da gaske nake yi. Amma a hanyar dawowa abin da ke yawo a kaina shi ne, yanzu ta farka, ba abin da ya rage wa Direba ya jira.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na koma gidan na sa na sha shida. Na auna sau uku duk da na san amsar, sha bakwai daga baki zuwa gwiwar bututun. Na gyara kusurwar da ta tsage, na ɗaura ƙarafan, na zura durowar. Ta tafi sumul, ta dawo ta tsaya cak inda ya kamata. Na loda tukwanen duka na ja da ƙarfi, ta tsaya. Na durƙusa na kama mariƙin na saki nauyina a kai, ni da nake da nauyin buhu guda da rabi, ta tsaya.

Aikin duka bai kai minti ashirin ba, na duba agogo. Na daɗe zaune a ƙasan kicin ɗin bayan na gama.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Yau na kusa faɗa. Ni da Auta ne kawai a ɗakin, yarinyar tana barci. Na mayar mata da makulli na ce na gyara. Ta ce sannu da aiki. Ta rame ƙwarai, wuyanta duk ya fito. Na buɗe baki, na ce Auta, ta ajiye kofin da ke hannunta ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Na'am, Baba. Akwai magana ne?"

Na ce ta riƙa cin abinci, jinya ba ta yiwuwa da yunwa. Ta ce to. Ta ɗauki kofinta ta juya.

Auta fa a shagona ta girma. Yayyenta maza ba wanda ya taɓa son ƙurar katako, ita kuwa tun tana 'yar shekara shida take riƙe mini bakin tef, tana karanto lamba da ƙarfi kamar mai shela. In wani ya raina aikina a gabanta sai ta ƙi gaishe shi. Da wane baki zan gaya mata?

Talata, ƙarfe takwas na safe

Tsuntsuwa ta ce ruwa. Kalma ɗaya, jiya da yamma. Ba ta ƙara ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

An ce za a sallame su ranar Asabar.

Da azahar Direba ya zo gidana da ƙaramar mota. Na ji tsayuwarta na ce shi ke nan, ranar ta zo, har na miƙe tsaye don kada ta same ni a zaune. Ya buɗe bayan motar. Akwatunan Auta ne guda biyu da keken ɗinkinta.

Ya shigo da su da kansa ya jera a zaure, ya durƙusa. Ya ce ba saki ba ne, kada in ɗauka haka. Ya ce yarinyar za ta zauna wurin mahaifiyarsa, Auta kuma ta ɗan huta a gida, har zuciyarsa ta sauka. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, amma duk sanda ya dubi Auta sai ya ga hannun yarinyar, kuma yana tsoron ya faɗi abin da ba zai iya mayarwa ba. Sannan ya ce abin da ya gama kashe ni.

"Baba, ka yi haƙuri. Na ga ka je ka gyara mana durowar, na gode. Kai ka yi naka tun farko, mu ne ba mu riƙe amana ba."

Bai sani ba. Ba shi ya cire su ba. Na tsaya ina kallonsa har ya shiga mota, matata kuma tana bayan ƙofa tana kuka tana cewa wane irin uba ne ni, a kawo kayan 'yata in kasa cewa ko kanzil.

Da na ji bai sani ba, daɗi na fara ji. Na rantse sai da na ji sanyi a raina, kafin idona ya sauka kan keken ɗinkin. Wannan daɗin da na ji shi ne mafi munin abin da na taɓa sani game da kaina.

Za a raba yarinya mai ciwo da uwarta ranar Asabar. Saura kwana uku.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na je da safe, lokacin da na san babu kowa sai ita. Na ce ta fito baranda. Muka zauna a benci, ma'aikata suna wucewa da keken marasa lafiya. Ban dube ta ba, ƙasa na duba. Na faɗa mata duka, bututun, awon da ban yi da kyau ba, zarton, ɗan kunnen da na ture da ƙafa, mako mai zuwa da bai taɓa zuwa ba. Na ce ba tukwanenta ba ne, ba shanyarta ba ce, da ƙarfen yana da kunnensa ko ita ce ta rataya ba zai saki ba.

Ta jawo jakarta, babbar nan da take kwana da ita a asibiti, ta zura hannu can ƙasa ta ciro wani abu naɗe a tsohon ɗankwali. Ta ɗora mini a cinya. Tun kafin in warware na san nauyinsu.

Ta ce ranar da abin ya faru, da yamma, ta koma gida ɗauko wa yarinyar kaya. Ta ga durowar a ƙasa, ta juya ta, ta ga bakin ƙarfen. Ta ce ko a cikin dubu za ta gane yankana, don ni kaɗai ke goge bakin yanka da fayil har ya yi santsi. Ta ɗauko sukundireban mijinta ta kwance su kafin ya iso gari.

Na ce to me ya sa ta bari ana zaginta, me ya sa ba ta nuna musu ba. Na ɗaga murya, har wata nas ta waiwayo.

Ta ce: "Ban ɓoye don kada a sani ba, Baba. Na ɓoye ne don kada a ji daga bakin wani."



Ta ƙara da cewa: "Kullum ka shigo ɗakin nan sai in ce yau Baba zai faɗa. Ranar Lahadi har na ajiye kofi. Kwana goma sha bakwai ina jiranka."

Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi, a gaban mutane, da furfurata. Ba ta rarrashe ni ba kuma ba ta tashi ta bar ni ba. Da na natsu na tambaye ta, da ban zo ba fa, da Asabar ta yi ban ce komai ba? Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da 'yarta ke ciki. Ta ce ba ta sani ba, kuma ta gode wa Allah da bai sa ta sani ba. Daga nan yarinyar ta motsa, Auta ta tashi ta shiga.

Juma'a, ƙarfe tara da rabi na safe

Na gaya wa matata jiya da na dawo. Ba ta ce mini komai ba har yanzu, amma da safe ta ajiye mini shayi a inda ta saba.

Na buga wa Direba waya na ce ya zo shago ƙarfe goma, ya taho da mahaifiyarsa in za ta iya, don a gabanta na yi shaidar farko. Ya tambaya ko lafiya, na ce ya dai zo.

Na share teburin aiki. Na shimfiɗa ɗankwalin, na jera yankakkun a kai, na ɗauko sabon ƙarfe na inci goma sha takwas na ajiye a gefensu, baki da baki, yadda ko wanda bai taɓa riƙe tef ba zai ga abin da ya ɓace. Na sa kujeru biyu. Ni a tsaye zan yi.

Ban san ko zai sake durƙusa mini ba bayan yau. Ban san ko za a bar ni in ƙara ɗaukar yarinyar ba. Akwatunan Auta na sa Dogo ya taya ni mun kawo su nan, suna bakin ƙofa, don in ya gama jin abin da zan faɗa ya san da me zai koma gida.

Ga motar ta tsaya. Su biyu ne.